Yadda Ake Tuƙa Kayak: Daga Ranar Farko a Tafki Zuwa Shiga Kogi

Wanda ya taɓa zuwa bakin Tafkin Jabi a Abuja da safiyar Asabar ya ga wasu ƙananan jiragen roba, ja da rawaya, mutum ɗaya ko biyu zaune a ciki dab da ruwa, suna kaɗa filafili mai baki biyu. Shi ne kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da ke ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, inda ake ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace ko ƙashi don farauta. Tun 1936, a birnin Balin, ya shiga gasar Olamfik. Bambancinsa da kwale-kwalen da muka sani a Yauri ko Argungu shi ne zama da filafili: a kayak ƙafafunka a miƙe suke gaba, kuma kana tuƙi dama da hagu ba tare da ka sauya hannu ba.

Na daɗe ina fita da sababbin shiga, daga yaro ɗan shekara 12 har dattijon da ya yi ritaya, kuma akwai ƙa'ida ɗaya da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba ka yin nisa da gaɓa sai ka kife da gangan, ka kuma koma cikin jirgin da kanka. Sauran abubuwan da zan bayyana duk sauƙi ne da su idan an samu wannan.

Kayan da za ka tanada

*Jirgi.* Iri biyu za ka fi gani. Akwai wanda ake zama a samansa, a rufe yake ruf kamar jarka, da ƴan ramuka a ƙasa da ruwan da ya fantsamo ke tsiyayewa. Akwai kuma wanda ake zura ƙafafu a cikinsa. Sabon shiga a ƙasa mai zafi irin tamu ya ɗauki na farko, domin idan ya kife ba ya cika da ruwa. Nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3 da rabi, faɗinsa kamar santimita 75. Dogon jirgi siriri ya fi gudu da miƙewa, amma rawarsa ta fi yawa, ka bar shi sai gaba. Kafin a sa shi a ruwa ka duba toshiyar da ke bayansa, wadda ake zubar da ruwa ta nan. Mantawa da ita a buɗe kuskure ne da na gani sau da yawa: jirgi na shan ruwa a hankali, mai shi bai sani ba, sai ya ji ya yi nauyi yana tangaɗi.

*Filafili.* Mai matsakaicin tsayi a jirgi mai faɗi, santimita 220 zuwa 230 ya ishe shi. Idan gajere kawai aka samu, za ka riƙa buga yatsu a gefen jirgi, sai ka ɗan ɗaga mazauninka da soso ko tawul a naɗe, amma kada ya wuce kaurin yatsu biyu, don duk tsayin da ka ƙara rawa ce ka ƙara wa jirgin.

*Rigar kariya.* Ita ce rigar da ke hana mutum nutsewa. A jikin mai kyau za ka ga lambar da ke nuna ƙarfin ɗagawarta a ruwa. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce, a kusa da masu taimako. Wanda bai iya ba ya nemi mai 100N, mai ƙeya da ke tallafe kai. Ɗaure duk maɗauranta, ka fara da na ƙasa, sannan ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura har kunnuwanka, ta yi maka yawa, kuma a cikin ruwa haka za ta yi. Rigar babba ba ta yaro ba ce ko da an tamke ta.

A nan babu dabarar maye gurbi. In babu riga, babu fita. Masuntan Argungu suna kwanciya a kan gora su yi ta yawo a Matan Fada, amma su a ruwa suka girma. Jarka mai lita 25 da aka rufe tam aka ɗaura wa igiya tana da amfani don jefa wa wanda ya faɗa, amma ba ta zama riga. Duk wanda ya tuna kifewar jirgin Bagwai a Kano cikin 2021, da yaran da aka rasa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

*Tufafi.* Sa abin da ba ya shan ruwa, irin rigar ƴan ƙwallo mai dogon hannu da wando mara nauyi. Babbar riga, kaftani, wandon jins da zani duk a bar su a mota. Ga mata: hijabi mai tsawo har ƙafa yana nannaɗe hannu da fuska a cikin ruwa, don haka ki sa ƙarami wanda ya tsaya a ƙirji, ki cusa bakinsa cikin rigar kariya, da doguwar riga iya gwiwa a kan wando. Suturarki ta cika, kuma babu abin da zai riƙe ki. Takalmi ya zama mai maɗauri a dunduniya. Silifas laka ke cinye su tun a taku na biyu, ga fasassun kwalabe a gaɓa.

*Ƙananan kaya.* Usur a ɗaure a jikin riga, malafa ko hula mai igiya, ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi na fitar awa biyu, dabino ko gyaɗa, da busassun kaya da tawul da za ka bari a tudu. Waya a sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga. In babu, leda biyu masu kauri, kowacce da ƙullinta, a cikin robar abinci mai murfi, sannan a ɗaure robar a jikin jirgi. Mai tabarau ya ɗaura masa zare ta ƙeya.

1. Zaɓi jagora, wuri da lokaci

Fitarka ta farko da jagora za ka yi ta. Akwai masu ba da hayar jirgi kawai su karɓi kuɗi su tura ka ruwa, waɗannan ba jagorori ba ne. Tambaye shi kai tsaye: mutum nawa yake ɗauka a fita ɗaya, shin yana shiga ruwan tare da ku, yana da igiyar jan jirgi da kayan taimakon gaggawa, kuma me zai yi in hadari ya taso. Ni ba na wuce sababbi shida, kuma in da yara sai na samu mataimaki. Jagoran da bai tambaye ka ko ka iya iyo ba, ko kana da farfaɗiya, asma ko ciwon zuciya, ka nemi wani. Kai ma ka faɗi gaskiya, ba wurin jin kunya ba ne.

Ƙaramin tafki mai kwantaccen ruwa shi ne makaranta. Manyan madatsun ruwa irin Tiga ko Kainji suna da kyan gani, amma faɗinsu yana ba iska filin tara igiyar ruwa. Tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 100, kuma shi da Tafkin Bolta na Gana duk suna da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, suna tsaye a ƙarƙashi ba a ganinsu.

Lokaci kuwa, sassafe. Daga bayan fitowar rana zuwa ƙarfe 10 ruwa yakan kwanta lumui, rana ba ta yi zafi ba, masu jiragen inji ba su fito ba. Ka faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowarka. Da azumi a bakinka kada ka shiga da tsakar rana, kuma kada magariba ta same ka a ruwa.

2. Gyara zama da riƙo tun a tudu

Zauna a jirgin yana kan yashi. Ɗuwawu can baya a mazauni, gadon baya a miƙe kamar mai zaman karatu, ba a kishingiɗe ba. Taka matakin ƙafa da gaban tafin ƙafarka, gwiwoyi a ɗan tanƙware suna buɗe waje. In ƙafarka ta miƙe sambal, matakin ya yi nisa. In gwiwa na neman ƙirji, ya yi kusa.

Ɗora tsakiyar ƙotar filafili a kanka, ka matsar da hannaye har gwiwar hannu ta yi kusurwa kamar lungun ɗaki. Nan ne wurin riƙonka. Sauke shi ka duba tafinsa: ɓangaren da ya loɓa kamar cokali yana kallonka, dogon gefen yana sama. Rabin sababbi a juye suke riƙe shi. Riƙo kuma sako-sako, kamar yadda ake riƙe muciya idan tuwo bai yi tauri ba. Matse ƙota ke kawo kanta da ciwon wuyan hannu.

A nan ne jagora zai koya muku alamu. Filafili a ɗage a kwance bisa kai: ku tsaya. A tsaye cak: ku taho. Ana kaɗa shi gefe da gefe, ko busa usur sau uku: akwai matsala.

3. Shiga jirgi

Tura jirgin har ruwa ya kai maka ƙwauri, yana shawagi gaba ɗayansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin bayansa a kan yashi, goshinsa a ruwa, a zaton hakan ya fi aminci, alhali a haka ne ya fi juyewa. Tsaya a gefen mazauni ka ba shi baya, dafa gefe biyu, ka fara ajiye ɗuwawu, sannan ka shigo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taɓa taka cikinsa a tsaye. Ka yi bismillahi majreha wa mursaha, ka ɗaga kai ka dubi nesa.

Jirgin zai yi rawa. Bar shi ya yi. Saki ƙugunka, ka karkaɗa shi dama da hagu da gangan kana riƙe da kai a tsakiya, za ka ji yana ƙin kifewa yana dawo da kai. Mai sandarewa ne ke faɗawa, da mai leƙen ruwa ta gefe, don inda kai ya nufa nan jiki ke bi.

Idan jirgin mutum biyu ne, wanda ya fi nauyi ko ƙwarewa ya zauna a baya. Na gaba ke ba da kiɗa, na baya ya bi shi ya kuma saita hanya.

4. Kife da gangan, ka koma ciki

Wannan ne darasin. Jagora ya kai ka inda ruwa ya kai ƙirji, ƙasa yashi, babu ciyawa, yana tsaye kusa da kai. Ja numfashi, ka karkata gefe har jirgin ya zubar da kai. Rigar za ta ɗago ka cikin daƙiƙa biyu. Abu na farko da za ka yi da ka ɗago shi ne kama jirgin, sannan filafili. Jirgin da babu kowa a ciki iska na tafiya da shi fiye da gudun iyonka, ko da kai gwani ne.

In ya kife, je tsakiyarsa, miƙa hannu ta saman cikinsa ka kamo gefen can, ka jawo da nauyin jikinka, zai juyo. Maƙale filafili a ƙarƙashin robar da ke goshi. Yanzu ga inda kowa ke shan wahala. Sabon shiga yakan rataye a tsaye yana ƙoƙarin hawa kamar katanga, ƙafafunsa na shigewa ƙarƙashin jirgi, jirgin ya sake rufto masa. Abin da za ka yi shi ne ka kama mariƙin gefen da ke kusa da hannu ɗaya, na can da ɗayan, ka bar ƙafafunka su taso bayanka har ka kwanta rubda ciki a saman ruwa. Buga ƙafa da ƙarfi sau uku, ka zame a kan ciki har cibiyarka ta kai mazauni. Tsaya nan ka huta, kai a ƙasa. Sannan ka mirgina ɗuwawu su faɗa mazauni, ƙafafu na lilo a ruwa, sai ka shigo da su. Kada ka doki ƙasa da ƙafa don samun tsalle, ko da kana iya taɓa ta, domin a tsakiyar tafki babu ƙasar da za ka doka.

Mai jiki ko wanda hannunsa ba ƙarfi, akwai hanya biyu. Abokin tafiya ya jera jirginsa a ɗaya gefen ya danne naka da hannu biyu. Ko a ɗaura igiya a mariƙin gefen can, a zagayo da ita a yi mata hanci kamar likkafa, ka taka ka hau. Babu aibu a ciki, amma a gwada ta yau, ba ranar buƙata ba.

Akwai wata baiwar Allah da ta zo da ƴaƴanta biyu, ta ce ita rakiya kawai ta yi, ko wanka a rafi ba ta taɓa yi ba. Da ƙyar ta yarda ta shiga. Sau huɗu tana zamewa, a na biyar ta hau. Bayan kamar wata biyu wani jirgin inji ya wuce mu a guje, igiyarsa ta kifar da ita a wuri mai zurfi. Kafin in juyo jirgina ta riga ta kama nata, tana ce wa ɗanta ya tsaya inda yake. Wanda ya taɓa jin ruwa ya rufe kansa ya kuma ga rigar ta ɗago shi, firgici ba ya kama shi irin na wanda bai taɓa ba, kuma firgicin ne ke sa mutum ya shaƙi ruwa ko ya ƙanƙame mai ceto.

Gyara biyu a kan wannan mataki. Da hunturu, jiƙa da iska suna sa rawar sanyi, don haka sai a yi ɗan tuƙi a bakin gaɓa tukuna, a bar kifewar ta zama ta ƙarshe, a fito a sauya kaya. Na biyu, tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mara zurfi mai ciyawa da kainuwa, tana shiga ta fata, kuma tana nan a madatsun ruwa da yawa na ƙasarmu. In za a samu wurin ninƙaya na otal ko makaranta da za su bari a sa jirgi, a yi wannan darasin a can ya fi.

5. Tuƙi gaba

Hannu ba shi ke tuƙi ba, gangar jiki ce. Juya ƙirjinka ka miƙa kafaɗar dama gaba, ka tsoma tafin filafili gaba ɗayansa a daidai yatsun ƙafarka, kusa da jirgi. Taka matakin ƙafar dama, ka warware jikinka, hannaye kusan a miƙe. Da tafin ya zo daidai ƙugu, zare shi. A lokacin kafaɗar hagu ta riga ta yi gaba, sai ka tsoma na hagu. Hannun sama yana wucewa daidai haɓarka, kamar mai duba agogo.

Ga yadda za ka gane kana yi daidai: zif ɗin rigarka yana kallon dama, yana kallon hagu. In yana kallon gaba kawai, da damtse kake ja, kuma minti 20 ba za su cika ba ka gaji. Jan filafili har bayan ƙugu kuwa ɗaga ruwa ne kawai, yana karkatar da jirgi ba ya ƙara gudu.

Jirgin zai riƙa karkata gefe ɗaya saboda hannunka ɗaya ya fi ƙarfi. Kada ka tsura wa goshinsa ido. Zaɓi bishiya ko gini a can tsallake ka nufe shi, ka rage ƙarfin hannun da ya fi, maimakon ƙara wa ɗayan. Sabon shiga yana yin kamar kilomita 3 a awa, da wannan za ka auna nisan da za ka iya.

6. Juyawa, tsayawa da tokara

Don juyawa hagu, tsoma tafin dama a wajen ƙafa, ka share ruwa da faɗi kamar mai zana rabin faifai har zuwa bayan jirgi. Don tsayawa, tsoma tafi a gefen ƙugu ka tura gaba, dama, hagu, dama, gajeru. Ci gaba da hakan shi ne tafiya da baya, kana waiwaye. In ka ji za ka faɗi, mari saman ruwa da bayan tafin filafili, gwiwar hannu a sama da ƙota, ka dawo da jirgin da ƙugu, kai ya zo ƙarshe. Kada hannunka ya wuce bayan kafaɗa a wannan hali, nan ake samun gocewar ƙashi.

7. Tafiya cikin ayari

Jagora a gaba, mataimaki ko wanda ya fi ƙwarewa a baya, kuma tafiyar ta mafi rauni ce. Kada ka yi nisan da murya ba za ta kai ba. Ku bi gefen tafki maimakon ratsa tsakiya.

Fara tafiya kana fuskantar iska, don ta turo ka gida lokacin da ka gaji. Mutane suna yin akasin haka saboda daɗin tafiya, su yi nisa cikin minti 15, dawowa ta ci awa guda. Mafi haɗari ita ce iskar da ke busowa daga gaɓa zuwa cikin tafki, domin a bakin ruwa ba ka ganin alamarta, sai ka yi nisa. Da ka fara ganin farin kumfa a kan igiyar ruwa nan da can, lokacin komawa ya yi.

Igiyar jirgin inji kada ta same ka ta gefe. Juya goshi ka fuskance ta, ka ci gaba da tuƙi, don filafili a cikin ruwa kamar sanda ne ga mai tafiya. Kada ka ɗauka direban ya gan ka, a ƙasa kake sosai. Ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗaga filafili.

Masunta kuma su ke da wurin kafin mu. Gora ko guntun soso ko robar lemo da ka gani jere a kan ruwa alamar raga ce ko mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Zagaye ta, kada ka ɗaga don kallo. Yi musu sallama, ka tambaye su ruwa. Ba a taɓa ba ni labarin kututture ko rami da ya fi nasu inganci ba, kuma a garin da ke da Sarkin Ruwa, a fara gaishe shi kafin a sa jirgi.

8. Idan hadari ya haɗo

A yankinmu hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa tana isowa kafin ɗigon farko, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Riƙa waiwayar gabas. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgen bai kai daƙiƙa 30 ba, fita ta gaɓar da ta fi kusa, ba sai wadda ka bar motarka ba. Ja jirgi sama ka kife shi, ka nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Hazon hunturu shi ma yana ɓatar da gaɓa, ranar da ya yi kauri kada ka bar inda kake ganin tudu.

9. Shiga kogi

Sai ka yi fita biyar ko shida a tafki kafin ka yi zancen kogi. A duniya an kasa koguna mataki shida. Na 1 ruwa ne mai tafiya a hankali da ƴan ƙananan igiyoyi, na 2 yana da duwatsun da ake kauce wa cikin sauƙi, daga na 3 sai da horo na musamman da hular kwano, na 6 kuwa ko gwanaye ba kasafai suke taɓa shi ba. A Jinja ta Yuganda, inda Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya, akwai kwantaccen ruwan sababbi, a ƙasa kuma akwai gangaren da gwanayen duniya ke zuwa dominsa. Kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, a ƙasan babban gangarensa yana kai mataki na 5. Kai naka na 1 ne, kuma da rani.

Ruwa mai gudu yana da dokokinsa. Bayan kowane dutse ko lungun gaɓa akwai inda ruwa ke kwanciya har yana komawa baya, nan ake hutawa a jira juna. Don tsallakawa, kada ka nufi tsallaken kai tsaye: juya goshi wajen da ruwan ke fitowa, ka ɗan karkata shi wajen da kake so, ka yi ta tuƙi, ruwan da kansa zai zame da kai. In ruwa ya manna ka da dutse ta gefe, karkata wajen dutsen, ka rungume shi in ta kama. Jiki zai ce ka guje shi, amma da ka karkata wajen da ruwan ke fitowa, zai hau gefen jirgi ya kifar da kai.

Abu uku ke kashe mutane a kogi. Bishiyar da ta faɗa ruwa, wadda ruwa ke ratsa rassanta ya bar mutum a maƙale: ba ta hanya tun daga nesa. Ƙaramin shingen siminti da ruwa ke zubowa ta kansa, ko kwalbati da gadar da ruwa ya shafe: ƙasansu ruwa na juyawa yana mayar da abin da ya faɗa, don haka a fito a ɗauki jirgi a ka a zagaye. Na uku, miƙewa tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ƙafa ta shige tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. In ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama, jirgin a gabanka ba a bayanka ba, ka yi iyo da hannu zuwa gaɓa, sai ruwa ya koma iya ƙwauri ka tashi.

Tambayi ko akwai madatsa a sama. Idan aka saki ruwa daga Kainji, Jebba ko Shiroro, ko daga Lagdo ta Kamaru zuwa Binuwai, kogin da ka sani jiya ba shi ne na yau ba. Tambayi dorina ma. Tana nan a Kogin Kwara wajen Ayoru a Nijar, da madatsar Kiri a Adamawa, da wasu sassan Binuwai. Inda aka ce tana nan, sabon shiga ba shi da abin yi a wurin. Jagororin Zambezi suna ƙwanƙwasa jikin jirgi don ta ɗago su san inda take, kuma ba sa shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi.

Tunda kogi ba ya dawo da kai inda ka tashi, a ajiye mota ko a yi magana da mai babur a inda za a fita, kuma a je a ga wurin da ido tun kafin a shiga, a sa masa alama.

10. Fitowa

Nufi yashi a hankali, ka tsaya ruwa na iya ƙwauri. Fito da ƙafafu gefe ɗaya, dafa jirgi, ka miƙe sannu, don bayan awa biyu a zaune ƙafa takan yi sanyi ta ƙi ɗaukar mutum. Kada ka cire riga sai ka taka busasshiyar ƙasa. Mutum biyu su ɗauki jirgin ta mariƙin gaba da na baya, jan sa a kan tsakuwa yana cinye ƙasansa.

Goge jiki da tawul nan take, ka yi wanka da sabulu da ruwa mai tsabta da zarar ka samu. Wannan yana ragewa, amma ba ya hana tsargiya gaba ɗaya. In bayan wasu makonni ka ji zazzaɓi da kasala da ba a gano dalilinsu ba, ko ka ga jini a fitsari ko bayan gida, je asibiti ka faɗa musu ka shiga ruwan tafki. Akwai maganinta, praziquantel, likita zai auna maka shi gwargwadon nauyinka.

Buɗe toshiyar baya, ka ɗaga goshin jirgi ruwan ciki ya tsiyaye. In ya fi kofi biyu ko uku, akwai tsaga, a nemo ta kafin fita ta gaba. Ɗauraye jirgi da filafili, ka cire duk ciyawar da ta maƙale don kada ka kai ta wani tafkin. Rigar kariya a shanya ta a inuwa, kada a zauna a kanta, don matsewa na kashe soson ciki. Jirgin ma a inuwa, a kife ko a jingine ta gefe, domin ranar Maris da Afrilu tana gasa roba har ta yi fari ta fara tsagewa.